Minti Hamsin a Alƙahira

Ƙarfe biyar saura kwata na yammacin wata Laraba, an idar da la'asar ana naɗe tabarmi, Baffa ya aiko a kira ni zaure, ya ce in taho da tikitin jirgina. Daga wannan lokacin al'amarin ya fara lalacewa, ba a Alƙahira ba kamar yadda aka riƙa gaya muku. Na san labarin da kuka tashi da shi: wai mahaifiyarku ta samu gurbin karatun likita a ƙasar waje, ta isa filin jirgin Alƙahira, ta buɗe littafi ta duƙufa, ana ta kiran sunanta a lasifika ba ta ji ba, har jirgi ya tashi ya bar ta. Kun ji shi a gidan suna, kun ji shi a gidan biki, kun yi dariya, ni ma na yi murmushi don kada in ɓata wa mutane zama. Yanzu na tsufa, waɗanda nake jin nauyinsu duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. To ku sani, littafin nan ko buɗe shi ban yi ba.

Baffa Sule wan mahaifina ne, shi ya riƙe mu tun rasuwar mahaifina ina firamare. Ya daɗe yana magatakardan hakimi a Roni, da ya ajiye aiki ya dawo Kazaure ya zauna, zaurensa kuma bai taɓa rabuwa da mutane ba. Ba zan ci haƙƙinsa ba: shi ya tsaya aka bar ni a makaranta lokacin da dangi ke cewa karatun ya isa haka. Shekarar da nake magana a kanta kuɗin mai ya shigo, gwamnatin jiha, lokacin muna ƙarƙashin Kano, tana tura ɗalibai ƙasashe kamar ana watsa iri. Ni aka samo mini gurbi a wata makarantar likitoci ta mata zalla a Lahor, ƙasar Fakistan, dalilin da ya sa gidanmu suka yarda ke nan. Guraben da makarantar ke ware wa baƙi 'yan kaɗan ne, kuma sharaɗinsu a fili yake: wadda ba ta bayyana da kanta ba kafin ranar rufe rajista, a ba wa ta bayanta gurbin. Ma'aikatar ilimi ta yi ta jan ƙafa wajen fitar da takardun tafiya har lokaci ya ƙure. Da suka fito, jirgi ɗaya tak ya rage da zai kai ni a kan lokaci, wanda ke tashi daga Alƙahira zuwa Karachi ranar Litinin, sau ɗaya a mako. An yanka mini tikiti in bar Kano ranar Asabar, in kwana biyu a Alƙahira a masaukin da kamfanin jirgin ke sauke fasinja, in tashi Litinin hankali kwance. Wanda ya tsara haka ya san aikinsa.

Na durƙusa a bakin ƙofar zaure na miƙa tikitin da hannu biyu. Baffa ya sa tabarau, ya bi shi layi-layi yadda yake bin takardar gona, abokansa uku suna zaune suna cin goro.

"Asabar ki sauka, Litinin ki tashi. Tsakani fa, Maimunatu?"

"Jira ne, Baffa. Za su sauke ni a otal."

"Otal," in ji shi, ya cire tabarau ya dubi abokansa. "Kun ji ko? 'Yar ƙanena, budurwa, ita kaɗai, kwana biyu a tasha. Ta mota ce ko ta jirgi, tasha tasha ce. Babu jirgin da ke zuwa ranar Litinin ɗin?"

Akwai, kuma na san da shi, domin tun da aka ba ni tikitin na ari jadawalin jirage wurin wata malamarmu na bi shi kaf. Jirgin Litinin yana sauka Alƙahira saura minti hamsin na Karachi ya tashi. Ni da ban taɓa ɗaga murya a zauren nan ba, ranar na yi ƙarfin hali, kaina a ƙasa, na ce akwai amma lokacin ba zai isa ba. Na ce sai an sauka, a shiga bas, a duba fasfo, a juye kaya daga wannan jirgi zuwa wancan, kuma in na Kano ya yi latti ko kaɗan, shi ke nan.

Ɗaya daga cikin abokan ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. "Kai, Magatakarda, ka samu alƙali a gida!"

"Tsakanin jirgi da jirgi tafiyar nan zuwa garin Gwiwa ce?" in ji Baffa. "Minti hamsin, da ƙafa ma kin zagaye garin nan. Sunanki yana cikin takardarsu ko ba ya ciki? To in yana ciki za su jira. Ni da na je Makka, jirginmu wuni ya yi a ƙasa ana neman wani tsoho mutumin Babura da ya tafi alwala ya ɓata. Ba mu tashi ba sai da shi. Tashi ki je."

Ku fahimci inda ya samo wannan tunanin, don ba mugunta ba ce, kuma wannan ne ma ya fi ƙona mini rai. Duk tsawon aikinsa a Roni, motar kasuwa ba ta taɓa tashi ta bar shi ba. Direba zai cika mota, mutane su yi ta gumi a kan buhuna, a bar gidan gaba a buɗe har sai Magatakarda ya gama karin kumallo. Jirgin da ya taɓa shiga guda ɗaya ne, na alhazai, wanda aka yi shata dominsu. A duniyar Baffa abin hawa yana jiran mutumin kirki. Bai taɓa tsayawa a wurin da sunansa ba ya nufin komai ba.

Na shiga cikin gida na tarar da Inna, mahaifiyata, tana tankaɗe. Ni ce 'yar farinta, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta shiga maganata a gaban kowa, ko zazzaɓi nake yi sai dai ta aiko wata ta duba ni. Haka aka rene ta, haka ake yi a danginsu. Na zauna nesa kaɗan na faɗi damuwata kamar da rariya nake magana. Hannunta bai tsaya ba.

"Ke, tashi mini a nan. Ba ga gwaggonki can ba?"

Gwaggo Asabe ƙanwar Baffa ce, ita kaɗai ke iya tsayawa ta yi musu da shi. Na zayyana mata komai, har na zana mata jirage biyu a ƙasa da tsinke. Ta ce in kwantar da hankalina, ta yafa mayafi ta nufi turakarsa. Na laɓe a bayan danga na ji yadda ta isar da saƙona.

"Yaya, yarinyar nan fa tsoron jirgi ya kama ta. Sai zane-zane take a ƙasa kamar mai bugun ƙasa."

"Ƙuruciya ce. A sa malamai su yi mata rubutu ta sha."

Abin da ya rage daga duk bayanina ke nan: kwano guda na rubutu. Na sha, da ɗacin tawada da komai.

Washegari Baffa ya tafi Kano shi kaɗai, ya dawo da sabon tikiti. Wanda ya canza shi Ishaya ne, ma'aikacin shagon tikiti, ɗan wani kafinta Kirista da suka zo daga kudancin Zariya suka zauna Kazaure, Baffa ne ma ya nema wa ubansa filin da ya gina gida. Ranar Lahadi da ya zo gida ya tako har ƙofarmu ya sa aka yi masa sallama da ni.

"Malama, na gaya wa Baba Magatakarda sau uku. Na ce ba a haɗa jirgi haka. Ya ce tun ina yawo ba wando ya san ni. Me zan ce? Manajanmu ya sa aka rubuta a kan tikitin cewa da son ranku ne, in an rasa jirgi babu ruwan kamfani." Ya share goshi. "Ki nemi kujera kusa da ƙofa. Kada ki riƙe kaya da yawa a hannu. Da an buɗe ki ruga, kada ki ji kunyar kowa."

Kwana biyun da aka ƙwace mini kuwa, yawon sallama aka yi da su. Aka sa ni a mota, Roni, Gwiwa, 'Yankwashi, har Kanya Babba wurin wata kakar da ba ta ma gane ni ba. Kowane gida a durƙusa, a sha addu'a, a ba ni ƙullin kaya: kuka, daddawa, kuɓewa busasshiya, kilishi, dambun nama, man shanu a kwalba. Ba a mayar da kyautar dattijo, ba a kuma barin ta a gida, domin zai tambaya. Akwatina ya cika, sauran aka ɗura a jakar hannu har ta fi ƙarfin kafaɗata. Baffa yana gidan gaba yana ta murna, yana cewa da an bi ta tawa da yanzu ina can otal, duk wannan albarkar ta wuce ni.

Ranar Litinin mota biyu aka yi zuwa filin jirgin Kano. Lokacin tashi ya yi, shiru. Jirgi yana tsaye, matakala a jingine, ba a kira mu ba. Ina ta duban agogon bango. Da aka kai rabin awa Baffa ya je ya tambaya, ya dawo fuskarsa kamar an yi masa albishir. Ashe wani babban mutum ake jira, yana can gidan gwamnati bai gama cin abinci ba.

"Kin gani ko?" ya ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Kin gani da idonki? Na ce miki ana jira!"

Ya ga hujjarsa, ni kuwa ina ganin mintunana suna zubewa ɗaya bayan ɗaya a kan teburin abincin wani mutum da ban sani ba. Sai da babban mutumin ya iso da jama'arsa, ya gama gaisawa da kowa a gindin matakala, sannan muka tashi. Ban ga komai ta taga ba duk tsawon tafiyar. Na roƙi wata ma'aikaciyar jirgin ko za a yi waya a ce ina zuwa, ta ce za ta gaya wa matuƙi, ta kawo mini lemo.

Da muka sauka na yi yadda Ishaya ya ce. Ni da ko a filin wasan makaranta ban taɓa gudu ba, na tattare zani na ruga da sabon takalmi yana yanka mini dunduniya, jakar daddawa tana dukan ƙuguna. Bas ya tsaya jiran sauran fasinja, ciki har da babban mutumin. Layin fasfo ya ci nasa rabon. Na isa ƙofar jirgin Karachi numfashina kamar zai ɗauke, na tarar an rufe. Ta gilashi ina ganin jirgin, ga shi nan tsaye, ana janye matakala daga jikinsa. Na miƙa wa ma'aikacin tikitina, na ce da shi cikin Turanci sunana yana cikin takardarku. Ya duba ya ce ƙwarai yana ciki, har sun kira shi sau biyu. To wannan ɓangaren labarin gaskiya ne, an kira sunana a lasifika. Lokacin ina cikin bas. Na ce ya taimake ni, ga jirgin can bai motsa ba. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce mako mai zuwa, ya kashe fitilar teburinsa ya tafi.

Ga abin da har yau in na tuna sai in ajiye abin da ke hannuna. An canza tikitina don kada in kwana biyu a ɗaki mai ƙofa da makulli. Sai ga shi na kwana a kan bencin filin jirgi, a tsakiyar maza baƙi daga kowace ƙasa, jakata a ƙarƙashin kaina, domin kamfani ya nuna mini rubutun da ke kan tikitin ya ce babu ruwansa. Kilishin mutanen Roni na ci na rayu. Sai a kwana na uku wani ma'aikacin ofishin jakadancinmu da ya zo tarbar baƙi ya ji ina yi wa mai shara magana da guntun Larabcin makarantar allo, ya tambaye ni 'yar ina ce, ya kai ni wurin matarsa. Su suka buga waya zuwa Lahor suna roƙon a yi mini haƙuri. Amsa ta dawo a taƙaice: an rufe rajista, an ba wata. Akwatina kuwa ban sake ganinsa ba.

Na dawo Kazaure na tarar gida cike da masu jaje, kamar an yi mutuwa. Aka kira ni zaure, mutane maƙil. Wani dattijo ya tambayi Baffa garin yaya aka yi haka. Ina durƙushe, ina jiran ya faɗi ko da rabin gaskiya ne. Ya gyara zama, ya yi ajiyar zuciya.

"To, kun dai san ta da littafi."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai yi ƙarya ba, kowa ya san ni da littafi. Sauran Gwaggo Asabe ta gina shi a tsakar gida, ta sa lasifika, ta sa Balaraben da ya zo yana taɓa kafaɗata ina cewa bari in ƙarasa shafi. Kafin sallar Juma'a labarin ya kai Babura. Da mutane suka watse Inna ta kawo mini fura da hannunta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ajiye ta juya da sauri. Shekara ta zagayo na sake nema, a ma'aikata aka ce ai ni ce wadda ta yi wasa da gurbi, akwai masu buƙata da gaske. Na shiga kwalejin horon malamai, na koyar da ilmin halittu har na yi ritaya. Na ji daɗin koyarwa, na samu mahaifinku, na same ku, alhamdu lillahi. Amma kada wanda ya ce mini ai duk ɗaya ne. Likita na so zama, kuma da na zama.

Shi ya sa in za ku yi tafiya nake matsa muku, kuna cewa Umma ta cika tsoro. In za ku canza jirgi a wata ƙasa, ku bar rabin wuni a tsakani, in na biyun ba kullum yake tashi ba ku bar kwana. Ku zauna, ku gaji, ku sha shayi mai tsada. Gajiyar zama tana wucewa kafin gari ya waye.

Na yi shiru shekaru masu yawa, kuma da zan ci gaba da shirun da a kaina kaɗai abin ya tsaya. Sai Bilkisu, jikar Baffa, ta samu gurbin karatun haɗa magunguna a waje, iyayenta maza suka taru suka ce a'a. Hujjarsu ni ce. Mace ba ta da natsuwar tafiya ita kaɗai, in ji su, ga Yaya Maimuna nan, littafi ya ɗauke mata hankali. Yarinyar ta zo gidana tana kuka, tana tambayata wai da gaske ne. Washegari da hantsi na yafa mayafi na tafi gidan Baffa. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi rauni, yana kishingiɗe a ƙofar ɗakinsa yana shan rana, rediyo a gefensa. Na durƙusa yadda na saba, ni da furfura a kaina. Muka gaisa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan na ce maganar Bilkisu ce ta kawo ni.

"A bar ta ta tafi," ya ce, ko jinkiri bai yi ba. "Ki gaya musu ni na ce. Tikitin kuma ke za ki tsara mata, kada wanda ya sa hannu."

Na yi godiya, amma ban tashi ba. Ya ji ban tashi ba, ya rage muryar rediyo.

"Da saura?"

"Baffa, ka san ba littafi ba ne."

"Na sani."

"To me ya sa ka bari aka yi ta faɗa?"

Ya laluba ya ɗauki butarsa, ya kurɓi ruwa, ya ajiye. Na ɗauka ba zai amsa ba, har na fara gyara mayafi.

"Maimunatu, a lokacin nan gari guda ke kawo mini takarda in duba musu. Rabon gado, iyakar gona, sammaci, duk zaurena ake zuwa. In aka ji Magatakarda ya kasa karanta tikiti har ya salwantar da karatun 'yar ƙanensa, wa zai sake takowa? Dole wani ya ɗauka. Na duba gidan kaf, babba da yaro, na ga ke kaɗai ce za ki ɗauka ki yi shiru."